Ƙurajen Da Ba Su Fito Mata Ba

"Ni za ka raina wa hankali? Kai ƙuraje suka feso wa a gaba, ni ko ɗigo babu. To wa ya kwaso mana?"

Tela ya jawo takalminsa zai fita. Ita kuwa matar tasa, Allah ya yi ta da saurin baki. Kafin ya gama saka takalmi ta kai ƙara ɗakin mahaifiyarsa, wai yana bin matan banza. Tsohuwar ta wanke shi tas a gaban ƙannensa, ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar karɓar sakamakon gwajin da aka yi musu a asibiti, matar ta zauna tana hura hanci. Sai likitar ta juyo gare ta.

"Ciwon hapis ne, irin wanda ake ɗauka wajen saduwa. Jininki ya nuna kin daɗe da ƙwayar. Shi kuwa sabon kamu ne."

"Ni? Ban taɓa ganin ƙurji ba, likita..."

"Haka yake. Wani ƙwayar na yawan fitowa a fatarsa, wani jefi-jefi, sau da yawa ba ƙurji ba ƙaiƙayi. A irin ranar ma ana ɗauka. Ba ki sani ba ne, kuma akwai maganin da ke rage ta."

Marigayi mijinta na farko ya faɗo mata a rai. Kunya ta rufe ta, ta kasa ɗaga ido.

A shagonsa ta tsaya jikin keken ɗinki, tana murza bakin mayafi.

"Masoyi... ka ce wani abu mana. Ko zagi ne."

"In zage ki a kan me, zuciyata? Ki dai riƙa shan maganinki."

"Mama fa?"

"Bar ta a yadda ta ɗauka. Ni ɗanta ne, za ta huce. Ke kuwa in ta ji..."

Wannan rufin asirin ya fi mari ciwo. Ba ta jira shi ba, ta wuce gida, ta durƙusa gaban surukarta.

"Mama, ɗanki bai ci amanata ba. A jikina ciwon yake, ban sani ba... Ni na shafa masa, na kuma ɓata masa suna."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta. Can ta miƙe ta tura ƙofa.

"Taki maganar ta mutu a ɗakin nan. Share hawayenki ki kira min shi, da ƙannensa duka. A gabansu na zage shi, a gabansu zan ba shi haƙuri."