Bakin Zuwaira a Zauren Baffa

Tun safe Zuwaira take kai-komo a tsakar gida, ta ɗora tukunya ta sauke, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Yau za a raba gadon mahaifinta, kuma ƙaninsa, Baffa Halliru, ya riga ya faɗa: gonar albasa ta Garu ta maza ce, mata a ba su turamen atamfa.

Mahaifiyarta, Inna Marka, ta ce, "Zamna, ɗiyata. Kin manta ɗanshi za ki aura? In kin taɓa gonag ga, auren ya tahi."

"Inna, mi za mu ci in sun ɗauke ta?"

Zuwaira tana son Sa'adu ɗan Baffa, so na gaske, kuma tsoron rasa shi ya hana ta sukuni. Amma a taron mata da ta je birnin Kwatano ta ji abin da doka ta ce kan gadon mata, ta dawo ta tambayi liman, ya ce addini ma haka ya ce.

A gidansu mace ba ta magana a zaure. Bayan zana take tsayawa ta faɗa wa namiji, shi ya isar. Baffa, da wayonsa, ya zaɓi Sa'adu, yana ganin yaron zai tace maganar kafin ta iso.

Sa'adu ya zo bakin zana yana gumi. "Zuwaira, don Allah ki sassauta."

"To, Yaya Sa'adu, hwaɗi yadda na hwaɗa, ko ka bari."

Ta faɗa masa, hawaye na zuba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya shiga ya durƙusa.

"Baba, ta ce ba ta karɓar zane a madadin ƙasa. Ta ce dokar ƙasa da ta duniya sun ba mace rabonta."

Baffa ya daka tsawa. "Maganan Nasara ke nan!"

"Ta ce kahin Nasara su rubuta, Allah ya riga ya ba ta," in ji Sa'adu. "Wagga kuma tawa ce, Baba: gaskiya ta hwaɗa."

Ranar Baffa ya fasa auren, ya kori ɗansa daga shagonsa. Gona dai liman ya raba ta bisa shari'a. Sa'adu ya koma dako a kasuwar Malanbil, ya rame, bai taɓa zagin mahaifinsa ba. Zuwaira kuwa duk Juma'a sai ta je ta gaida Baffa, yana kau da kai.

Da albasa ta nuna, ta kai masa buhun farko. Tsohon ya dubi buhun, ya dube ta, ba zana tsakaninsu.

"Shigo ki zamna," in ji shi. "Ki hwaɗa min da bakinki, ranar da kike so a ɗaura auren."

Neman hakki ba rashin kunya ba ne, 'yan'uwa. Wanda kuma yake sonki ba ya rage maganarki a hanya.