Yatsan Iolanda a Kan Siminti

Wata Talata cikin watan Mayu Duccio ya fara hawa ƙauyen Montarso da ke kan tudu da motarsa. Baƙi takwas 'yan yawon buɗe ido ya ɗauko daga birnin Siena. Gari biyu da safe, abincin rana a gonar inabi, a koma kafin faɗuwar rana. Aikinsa ke nan. Yana tuƙi yana magana.

Nedda, 'yar mai gonar, ta fito da kwalabe da burodi da cuku. Ta tsaya tana kallonsa yana zuba wa baƙi Turanci.

"Kai ba ka numfashi ne?" ta ce masa da harshensu.

"Ina yi. Ran Lahadi."

Ba ta yi dariya ba. Amma ta ƙara masa cuku.

Ya dawo Juma'a, ya dawo Talata. Ta lura abin da ya faɗa wa baƙi a bakin rijiyar gonar shi yake faɗa kullum, har wurin da baƙi za su yi dariya ya sani. Ta sa masa suna Aku. Shi kuma ya ce mata Kurciya, don ba ta ɗaga murya.

Ya rubuta mata: "Kurciya, yau na nuna wa mutane hasumiya bakwai. Ni tagar kicin ɗinku kawai nake son gani."

Ta mayar: "Aku, wannan ma haddacewa ka yi? Mata nawa ka tura wa?"

"Ke kaɗai. Shi ya sa bai yi daɗi ba."

Mahaifinta Osvaldo ya haura saba'in. Mutum talatin suka rage a Montarso, kusan duka masu furfura. Ƙarfe biyar motocin baƙi su gangara, gari ya yi tsit. Osvaldo kuwa Gualtiero yake so mata, ɗan maƙwabcinsu mai tarakta biyu.

"Wanda zai zo sha ɗaya ya tafi ƙarfe uku ba miji ba ne," ya ce mata. "Kin ga hannunsa? Kamar na jariri."

"Baba, shi nake so."

"Ya kai ki Siena, sai wa ya rage a nan? Ni da kare."

Ta ci gaba da aikinta. Ba ta kuma daina tsayuwa a bakin hanya ran Talata ba.

Wata rana baƙi na cin abinci, ta ja Duccio zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, inda ake shanya inabi. A kusurwa akwai ƙaramar gangar katako ta ajiye ruwan inabi, an toshe bakinta da siminti.

"Mamata ce ta rufe ta, shekara shida ke nan. Iolanda sunanta. Dubi nan."

Shaidar babban yatsa ce, ta bushe a simintin.

"Bayan wata huɗu ta rasu. Kowace safiya Baba yakan hawo ya sa yatsansa a wurin. Bai san na sani ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Duccio ya riƙe hannunta. A ranar dai ya yi shiru.

Wata rana cikin watan Satumba aka tashi da ruwa. Ba damar shiga gona. Baƙi suka zauna suna hamma, suna latsa waya. Nedda tana kicin. Duccio ya duba fuskokinsu, ya ce su biyo shi sama.

Osvaldo ya shigo a jiƙe, ya ji ƙafafu a bisa kansa. Ya hau. Ba ya jin Turanci, amma ya ji sunan matarsa, ya kuma ji nasa. Ya ga wata tana share hawaye. Ya ga wata ta sa yatsanta a shaidar da ke kan simintin, mijinta na ɗaukar ta hoto.

Ya dubi Duccio.

"Fita."

Nedda tana tsaye a matakala da tire a hannu.

"Kurciya, tsaya ki ji..."

"Kada ka sake kira na haka. Na ba ka mamata, ka raba wa mutane ita bayan abinci."

Duccio ya yi ta rubuta mata. "Na yi laifi, ba ni da abin cewa." "Na cire gonarku daga hanyata. Ba wanda zai sake hawa ɗakin nan." "Na wuce ta ƙasan tudu yau. Ban ɗaga kai ba, don baƙi na kallo na."

Sau ɗaya ta amsa. "Baba bai sake hawa sama ba tun ranar. Abin da ka ƙwace masa ke nan."

Cikin Disamba Osvaldo ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Janairu ya zo, lokacin datse rassa, kuringa, wato itatuwan inabi, dubu uku na jira. Gualtiero ya shigo gaisuwa da kwandon lemo. Ya ce idan an yi aurensa da Nedda zai tumɓuke tsofaffin kuringar, ya shuka waɗanda inji ke iya girba. Osvaldo ya juya fuska bango. Iolanda ce ta dasa rabinsu.

Wata safiya Nedda ta hango mutum can ƙasan gona da almakashi. Ba mota, ba baƙi. Duccio ne. Bai zo ƙofa ba, bai yi sallama ba. Ya yi aiki har yamma ya tafi. Washegari ya dawo. Kwana tara haka, cikin sanyin da ke tsaga fata.

A na goma Osvaldo ya ce a tura kujerarsa bakin gona. Ya daɗe yana kallo. Bakinsa ya karkace, amma maganar ta fito.

"Idon toho biyu ake bari a reshe, jaki, ba huɗu ba."

"To, Baba."

"Duk layin nan ka ɓata. Sake."

Ya sake.

Da rana Nedda ta kai masa miyar wake. Ta ga tafin hannunsa duk ya fashe, ya ɗaure da tsumma.

"Me ya sa ka yi?" ta ce.

"Ruwa ake yi, sun gaji. Ni kuma na saba, in mutane suka yi shiru sai in jefa musu abin da ke hannuna. Ran nan abin da ke hannuna naki ne."

"Ka san ba za a iya gyara shi ba."

"Na sani."

Ta kwance tsumman, ta dubi ciwon. Hawayenta ya ɗiga a kai.

"Kwana goma ba ka ce uffan ba. Har na fara tsoro, Aku."

"In yi magana?"

"Kaɗan."

"Ina son ki. Na gama."

Ranar da aka datse kuringa ta ƙarshe Osvaldo ya sa aka kira Duccio.

"Ban yafe maka ba."

"Na ji, Baba."

"Ina za ku zauna?"

"Nan."

"Baƙin naka fa?"

"In gangara da safe, in hawo da yamma. Gidan nan kuma ba na ba da labarinsa."

Tsohon ya dube shi.

"Ku yi sauri. Likita ya gaya mini abin da bai gaya mata ba."

Aka sa rana, Asabar ta biyu a watan Afrilu. Shekara goma sha tara rabon da a ɗaura aure a cocin Montarso. Matakala arba'in ce daga dandali zuwa ƙofa. Maza huɗu suka zo ɗaukar kujerar Osvaldo. Ya kore su da sanda.

Nedda ta riƙe shi ta hagu. Ya hau ɗaya, ya huta. Ya hau biyu. A ta goma sha biyar ƙafar ta ƙi. Duk garin na tsaye, ba mai tari. Duccio ya sauko daga ƙofar coci, ya tsaya ta damarsa, bai taɓa shi ba.

"Me kake jira?" in ji Osvaldo. "Kama."

Su uku suka ƙarasa.

A bakin ƙofa ya ɗauki hannun 'yarsa da hannunsa mai motsi, ya ɗora a kan na Duccio.

"Ba ni da wata. Allah Ya ba ku 'ya'ya masu surutu, garin nan ya yi shiru da yawa. Allah Ya sa ku tsufa tare, kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa."

Tsofaffin mata suka amsa da amin, suna kuka. Nedda ta sumbaci goshinsa.

"Ku shiga," ya ce. "Na gaji da tsayuwa."