Igiyar Kaka da Jar Mota

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta da zance sai na mota. Daga jin ƙarar inji a titi za ta ce, "Wannan tana neman gyara." Shi ya sa kakarta ta raɗa mata suna Direba. Sunan ya bi ta har makaranta.

Kaka ba ta iya taka ƙafafunta. Tana da keke mai naɗewa da ake tura ta a ciki. Duk Asabar Baba yakan sa keken a but, wato wurin kaya na bayan mota, ya kai ta gidan ƙanwarta a can ƙarshen gari. Tsofaffin nan biyu sai su wuni suna hira da musu. Kaka ta dawo gida tana dariya ita kaɗai.

Sai tsohuwar motar Baba ta mutu murus. Makanike ya ce gyaranta ya fi ƙarfin kuɗinta. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Kaka ba ta yi ƙorafi ba, amma takan daɗe tana kallon titi ta taga.

Wata rana Baba ya ce, "Zan sayi mota. Tun ina saurayi nake son ƙarama mai gudu, irin ta 'yan tsere. Ba sabuwa ba, ta hannu, daidai aljihuna."

Mama ta ce, "Aljihun naka ai na san zurfinsa."

Baba ya yi dariya. "To, kowa zai yi aiki. Ni zan tuƙa in ji daɗinta. Ke ki tambayi shan mai da kayan gyara. Direba kuma ta duba but."

Kaka ta sa aka naɗe kekenta. Ta ɗauko igiyar shanya, ta auna tsawonsa, ta yi ƙulli a daidai ƙarshe. Ta miƙa wa jikarta.

"Ga shi, Direba. In igiyar nan ta kwanta a miƙe a cikin but har ƙullin, kekena zai shiga. In ba ta kwanta ba, ba motata ba ce."

"An gama, Kaka," in ji Direba.

Washegari bayan an tashi makaranta suka je filin sayar da motoci. Mai motocin ya tarbe su da tarin makullai a hannu. Ya nuna musu guda uku a ƙarƙashin rumfa.

Ta farko fara ce, rufinta yana buɗewa. Kujerunta biyu kacal.

Mama ta leƙa ciki. "Ni da Direba a kan rufi za mu zauna? Af, ashe rufin ma babu."

Aka wuce ta.

Ta biyu ja ce, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa-ƙasa tana sheƙi. Direba tana ganinta ta ji zuciyarta ta buga. Baba ya shiga da mai motoci, suka zaga unguwa. Ya dawo baki har kunne.

"Kai! Sitiyarinta kamar ya san abin da ke raina. Da ka ɗan taɓa totur ta tashi. A kwana ko karkata ba ta yi."

"Shan mai fa?" in ji Mama.

Mai motoci ya sosa ƙeya. "Gaskiya tana sha. Tayoyinta ma masu faɗi ne, suna da ɗan tsada."

"Kayan gyara?"

"Ana samu, sai dai a ɗan jira."

Ta uku shuɗiya ce, mai ƙofa huɗu, bayanta yana ɗagawa sama gaba ɗaya. Baba ya zaga da ita ita ma.

"Tana da daɗi," ya ce da ya dawo. "Amma ba ta da zafin ja."

Mai motoci ya ce wannan ba ta cika shan mai ba, kuma kayan gyaranta ko'ina akwai. Mama ta gyaɗa kai.

Suna cikin wannan magana Direba ta fara nata aikin. Ta shimfiɗa igiya a but ɗin shuɗiya. Ta kwanta har ƙullin, da sauran wuri. Ta koma but ɗin ja. Ta dafe bakin igiyar a gefe ɗaya, ta ja zuwa ɗaya gefen. But ya ƙare, igiya ba ta ƙare ba. Ragowar ta kai tafin hannu.

Direba ta sake gwadawa. Haka dai.

Ta kalli jar motar. Ta hango kanta tana fitowa daga cikinta a ƙofar makaranta, 'yan ajinsu sun saki baki. Ta ce a ranta, "Ɗan wannan? Ai in an tura keken zai shiga."

"Direba, ya ake ciki?" Baba ya tambaya daga nesa.

Ta dunƙule ragowar igiyar a hannunta, ƙullin ya ɓuya. Ta ja igiyar ta miƙe tsaf.

"Ta shiga, Baba."

Baba ya tafa hannu don murna. Mama ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, sai mu rage yawo saboda mai." Mai motoci ya yarda su tafi da ja su gwada ta zuwa Asabar kafin a biya.

Washegari Baba ya sauke Direba a makaranta. 'Yan ajinsu kuwa sun saki baki, kamar yadda ta so. Amma abin mamaki, daɗin bai kai yadda ta zata ba. Duk sanda ta sa hannu a jaka sai ta taɓo igiyar.

Ranar Asabar Kaka ta riga kowa shiri. Ta sa tufafinta masu kyau, ta shafa turare. Ta sa an kira mata ƙanwarta a waya, ta ce, "Ki ɗora tukunya, yau ina tafe."

Baba ya ɗauke ta cak, ya sa ta a kujerar gaba. Ya naɗe keken ya kai but. Keken ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya ƙi. Ya karkata shi, murfin ya ƙi rufuwa. Ya gwada kujerar baya, ƙofar ta yi masa kaɗan. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ikon Allah," ya ce. "Ai an auna."

Kaka ta dubi keken. Sannan ta ce a hankali, "Ba komai. Wataƙila ni ce na yi ƙullin ba daidai ba. Tsufa ne. Ku mayar da ni ɗaki."

Wannan maganar ce ta karya zuciyar Direba. Kunya da nadama suka rufe ta, hawaye ya zubo.

"Ƙullinki daidai yake, Kaka. Ni ce. Igiyar ba ta shiga ba, na ɓoye ragowar a hannuna. Jar nake so."

Baba ya ajiye keken. Bai yi tsawa ba. Ya tsuguna a gabanta.

"Kin san abin da ya sa ban duba da kaina ba?"

Ta girgiza kai.

"Don na yarda da ke. Ni ma jar nake so, Direba. Amma Kaka ta fi mota."

Mama ta miƙa mata waya. "Akwai wadda ta ɗora tukunya tana jira. Ke za ki gaya mata dalili."

Direba ta karɓa. Ta gaya wa ƙanwar Kaka komai, ta ba ta haƙuri. Daga nan ta durƙusa kusa da Kaka.

"Ki yafe mini."

Kaka ta ja mata kunne kaɗan. "Na yafe. Amma turaren da na shafa a banza, ke za ki biya."

Da yamma suka mayar da jar mota. A gaban kowa Direba ta shimfiɗa igiyar a but ɗin shuɗiya, ta buɗe tafin hannunta don a gani. Ƙullin ya kwanta lafiya. Baba ya shafa jar sau ɗaya, ya karɓi makullin shuɗiya.

Asabar ta zagayo. Keken ya shige but ba gardama, har da wurin jakar Kaka. A hanya Baba ya sha wata doguwar kwana, motar ta bi sumul.

"Ashe ita ma ba baya ba ce," ya ce yana murmushi.

"To ɗan taka ta mana," in ji Kaka. "Tun wancan makon ake jirana."

Kowa ya fashe da dariya.

Suna isa suka tarar da ƙanwar Kaka a bakin ƙofa. Direba ce ta warware keken, ta tura Kaka har ciki. Tsofaffin suka rungume juna, kafin a zauna ma sun soma musu.

Tun daga ranar Direba ta gane cewa idan aka ba ka amana, gaskiya ake faɗa ko da ba ita ranka yake so ba. Ƙaryar da ka raina tana iya hana wani abin da ya daɗe yana jira.

Igiyar kuwa Kaka ta bar mata ita. Tana nan a aljihun shuɗiyar mota, da ƙullinta.