Ba Zan Zana Ka Cikin Matattu Ba

"Wallahi ba zan zana shi ba!"

Ishraga ta ja da baya har ta ture gwangwanin fenti, jan launi ya malale a kan ƙafarta.

Hajiya Awadiya ba ta sauke hannu ba. Hoton ɗanta Mu'taz take miƙo mata.

"'Yata, duk 'ya'yan mutane kin zana su. Nawa ne kaɗai ba shi da kabari, ba shi da bango..."

"Waɗancan sun rasu, Hajiya! Mu'taz bai mutu ba!"

A wurin zaman dirshan na Khartoum Ishraga da Mu'taz suka haɗu, lokacin da matasa suka mamaye titi suna neman mulkin farar hula. Ita tana kan tsani tana zana fuskokin waɗanda aka harbe, shi kuma ɗalibin likitanci ne mai ɗinke raunuka a wani tanti.

"Malama, hancin nan fa ya karkace," ya ce mata ranar farko.

"To likita, hawo ka yi masa tiyata mana."

Bai hau ba. Tsanin ya riƙe mata, kuma tun daga ranar bai bar kowa ya sake riƙewa ba.

Ranar da aka tarwatsa taron da harsashi, shi ya ɗaga ta ya tsallakar da ita katanga.

"Ki gudu, hasken idona! Akwai masu rauni a tanti, ina zuwa!"

Bai zo ba.

Ta zaga asibitoci, ta leƙa ɗakunan ajiye gawa har ma'aikatan suka haddace fuskarta. Zanenta kuwa duk an bi an shafe da farar ƙasa.

A gidansu na Omdurman ma babu sauƙi. Mahaifinta, Hajj Tigani, dama can bai yi na'am da saurayin ba. Ga kuma Hatim, ɗan ƙanin mahaifinta, wanda ya daɗe yana neman aurenta, kullum yana tsakar gida yana kurɓar gahawa.

"Baffa, ban so faɗa ba," in ji Hatim wata rana, yana sunkuyar da kai. "Da idona na ga an tsamo gawarsa daga kogin Nilu."

"Ƙarya kake yi!"

"Ishraga!" mahaifinta ya daka mata tsawa. "Yayanki ne! Ki yi haƙuri da hukuncin Allah. Bayan Sallah za a ɗaura muku aure."

Washegari da rana tsaka ta fito da tsani. A bangon gidansu, mai kallon titi, ta zana Mu'taz yana murmushi, idanunsa a buɗe. Ba ta sa masa furanni irin na mamata ba. Kalma biyu kawai ta rubuta a ƙasa: Ina yake?

Kafin la'asar Hatim ya kawo masu shafe.

Ta sake zanawa.

Aka sake shafewa, mahaifinta ya kwashe fentin ya kulle.

Sai ta koma ɗiban gawayi daga murhun gahawa. Tana goga shi a bango har yatsunta suka fashe, tana magana da fuskar kamar mai taɓin hankali.

"Mu'taz, na gaji... Don Allah ka ce wani abu. In ka mutu ka bari in ji a jikina, in kana raye ka dawo..."

Tana cikin haka wani mai keken haya ya taka birki a bayanta. Dattijo ne ramamme, hannunsa ɗaya a karkace.

"Wa ya zana wannan?"

Ta juyo, hawaye ya wanke baƙin gawayin da ke kumatunta.

"Ni ce..."

"Likita ne wannan! Ɗaki guda aka tsare mu. Shi ya ɗora min hannun nan da tsumman rigarsa. Makon jiya aka sako ni, na baro shi da rai."

Ishraga ta zube a ƙasa.

Hajj Tigani yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya juya a hankali ya dubi Hatim, wanda ke tsaye a bayansa.

"Gawar wa ka gani?"

"Baffa, ai... mai kama da shi ce..."

"Fita min daga gida."

Da hannunsa mahaifinta ya buɗe ɗakin da ya kulle fentin, ya fito mata da shi.

Ta zana fuskar a kan ƙyallaye masu yawa. Hajiya Awadiya da matan unguwa suka ɗauka suka zauna a ƙofar wurin da dattijon ya ce ana tsare da Mu'taz, cikin zafin rana, ranar farko, ta biyu, har aka gaji da ganinsu.

Da aka sako shi, da ƙyar ta gane shi. Ya zama ƙashi da fata, idonsa na hagu ya tafi.

Ya kawar da kai.

"Kar ki dube ni, Ishraga. Wanda kika sani ba shi ya fito ba. In kin fasa, wallahi ba zan ga laifinki ba..."

Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juyo da ita.

"Ka yi min shiru! Gawa na yi ta nema a garin nan, sai ga ka da numfashi, kake ce min in fasa?"

Ya kifa goshinsa a tafin hannunta yana sheshsheƙa.

Ranar biki aka naɗe ta da jan mayafi, aka miƙo musu madara su kurɓa su fesa wa juna, a ga wanda zai riƙe gida. Ishraga ta riga shi. Madara ta jiƙe masa gemu, tsakar gida ta kaure da shewa.

"Na sallama!" in ji Mu'taz, yana dariya a karon farko tun fitowarsa.

Hajiya Awadiya ta ɗaga kai za ta rangaɗa guɗa, sai kuka ya riga guɗar fitowa.