Ruwan Daɗi a Duron Asibiti

A garin Las Uveras bakin mutane bai taɓa zama ɗaya ba a kan Sufeto Eladio Marte. Masunta cewa suke kurma ne, don sai ka gama zuba bai ce maka uffan ba. Matan kasuwa suka ce yana ji sarai, har maganar da ka haɗiye. Sajensa, Wilkin, ya ce shekara shida yana bin sa bai taɓa ganin ya yi gudu ba. Ko ranar da guguwa ta yaye rufin caji ofis, sai da ya tsaya ya kulle durowarsa kafin ya fita.

Kwana takwas ke nan da guguwar. Ruwa ya tafi da gada, ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar tudu, teku kuma har yanzu bai kwanta ba. Ba shiga, ba fita. Jirgin sojan ruwa ya zo sau ɗaya, ya sauke shinkafa da duro guda na man dizal don janareton asibiti, ya ce sai bayan mako.

Ƙarfe bakwai na safe Doña Nereida, babbar nas ta asibitin, ta aiko a kira Sufeto.

Ya same ta a ƙofar ɗakin inji, idonta ya yi ja. A ciki Don Casimiro, bakaniken garin, yana durƙushe ya kwance cikin janareto.

"Ruwa ne a duron, Sufeto," in ji ta. "Kullum ina zura sanda, ina ganin ya kusa cika. Ashe man a sama kawai yake, bai fi taki ɗaya ba. Ƙasan duk ruwa."

"Wane mara lafiya kike da shi da ransa ya dogara da injin?"

"Yocasta, 'yar Doña Brunilda mai soya kifi. Huhunta ya cika. Ba na'urar iska, ba Yocasta. Tukunyar iska ɗaya ta rage mini, ita take ja yanzu."

Sufeto ya leƙa ciki. "Don Casimiro, zai tashi?"

"Zai tashi kafin rana tsaka," bakaniken ya amsa bai ɗago ba. "Amma man da ya rage ba zai wuce faɗuwar rana ba."

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a taɓa shi ba. Makulli uku ne, in ji nas: nata, na bakanike, da na maigadi. Ya tsoma yatsa a bokitin da aka tsiyaye ruwan, ya ɗora a harshe, ya tofar.

"Saje, ɗanɗana."

"Yallaɓai, ban karya ba tukuna."

"To ka fara da wannan."

Saje ya ɗanɗana yana yamutsa fuska. "Ba gishiri."

Sufeto ya kalli teku, wanda bai fi taku hamsin daga katangar asibitin ba.

Maigadin, Fermín, yana zaune a kan bulo yana murza hularsa.

"Kai ka zuba mai yau?"

"Ni ne, Yallaɓai. Don Casimiro ne ke zubawa kullum, yau ya makara, inji ya fara tari. Na nemi tiyonsa ban gani ba, sai na ɗauko na ban ruwan fulawa, na zura har ƙasa, na zuƙo."

"Kana barin ƙofar nan?"

"Ni? Ko fitsari a nan nake yi."

"Jiya da rana na gan ka a layin shinkafa. Kana faɗa da wata tsohuwa a kan wa ya riga zuwa."

Fermín ya sunkuyar da kai. "Awa biyu ne kawai. 'Ya'yana huɗu, Yallaɓai. Amma wallahi ban taɓa man ba. Ku tambayi Don Plinio mai kanti. Shi ya ce mini ko nawa ne zai saya, na ce masa ina tsoron Allah."

"Da tsoron Doña Nereida," in ji Saje.

Kantin Don Plinio a rufe yake rabi, kantoci ba komai sai tsintsiya da kyandir guda uku. Mai kantin ya tare su da hannu biyu a buɗe.

"Sufeto, ka zo gaisuwar mutuwa? Ga gawar nan, kanti ne."

"Bayan labulen can fa?"

"Ɗakin surukata. Tana barci."

Saje ya ɗaga labulen. "Yallaɓai, surukarsa buhu goma sha ɗaya ce. Har da jarkoki."

Sufeto ya buɗe jarkokin ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Fetur ne duka, ba dizal ko ɗigo.

"Shinkafar za ta tafi coci yau a raba," ya ce. "Yanzu maganar dizal ɗin asibiti. Ka nemi saya."

"Na nema, ban samu ba. Laifi ne?"

"An kwashe shi, an cika duron da ruwan daɗi."

Don Plinio ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ruwan daɗi? Sufeto, ka zage ni da kyau mana. Galan ɗaya peso ɗari nake sayarwa, ana dambe a kai. Ga teku can kyauta, ba mai layi. Da ni ne, ruwan gishiri zan ɗura, inji ya mutu, uban kowa ya huta. Wanda ya yi wannan ko mahaukaci ne, ko injin ƙaninsa ne."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa hularsa ya fita.

Tun da teku ya hau gari rijiyoyi suka yi gishiri. Famfo ɗaya ya rage, na bayan makaranta, kuma layinsa ya kai har bakin maƙabarta. Sufeto ya samu inuwar wata bishiya da ta rage rabi, ya jingina, kamar mai jiran wani. Ya fi rabin awa a nan yana sauraro. An zagi magajin gari, an zagi sojan ruwa, an yi lissafin wanda ya ci ayabar wa.

Can sai wata mata ta ɗaga murya. "Yau kuma mai tanki ce a layin talakawa? Amparo, ba ke ce tankinki kaɗai ya tsira a unguwa ba?"

"Bar ta, ƙila wanka take da shi sau uku, mu muna wari."

Matar da ake tsokana tana sanye da baƙaƙen kaya, bokiti biyu a hannu. Doña Amparo ce, matar Don Casimiro. Wata dattijuwa ta tsawatar, ta ce a ji tsoron Allah, mace tana cikin makoki.

Kowa ya san makokin. 'Yarsu Idalia malamar makaranta ce a La Loma, ƙauyen kan tudu da ƙasa ta binne daren guguwa. An yi kwana huɗu ana haƙa da katafilar ƙaramar hukuma, sannan aka ce a tsaya, man da ya rage na masu rai ne. Mutum bakwai ba a tono ba. Idalia na ciki.

Sufeto ya ƙarasa ya karɓi bokiti ɗaya. "Doña, kawo in taya ki."

Suka taka a hankali har gida.

"Tankin ya samu matsala ne?"

"Ya tsage," ta ce da sauri. "Ruwan duk ya tsiyaye."

Tankin yana bayan gida a kan dakali. Sufeto ya ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ganga. Ya zagaya shi yana shafawa da tafin hannu. Ba tsaga. Kusa da shi akwai baro, tayarsa ta yi dumu-dumu da jan laka. Ƙasar Las Uveras yashi ce fara. Jan laka sai La Loma.

Ta tagar falo ya hango tebur da farin ƙyalle, da hoton yarinyar, da kyandir, da kofin ruwa.

"Gobe ne addu'ar kwana tara?"

Doña Amparo ta ajiye bokitin. "Gobe za a ɗauke teburin, a sallame ta." Ta juyo ta dube shi. "A sallame ta zuwa ina, Sufeto? Ko kabari ba ta da shi."

Ya cire hula ya yi mata sallama.

Rana ta karkata lokacin da ya koma asibiti. Janareto yana ruri. Don Casimiro na zaune a kan akwatin kayan aikinsa yana goge hannu. Sufeto ya ja ƙofa ya bar Saje a waje. Shekara goma suna buga wasan domino tare duk ranar Lahadi.

"Casimiro, ina tiyon da kake zuba mai da shi?"

"Ya ɓata."

"Tashi daga kan akwatin."

Bai yi gardama ba. Tiyon yana ciki a naɗe. Sufeto ya warware shi. An yanke shi, bai fi kamu ɗaya ba, yankan sabo.

"Wannan ba zai kai ƙasan duro ba."

"Tsoho ne, ya fashe, na rage shi."

"Da ruwan teku ne a duron nan, me zai samu injin?"

Bakaniken ya amsa kafin ya yi tunani. "Ai shi ke nan. Gishiri zai cinye famfon mai, nozul masu fesa mai duk su tafi. Ba mai tashinsa a garin nan."

"Ruwan daɗi fa?"

"A tsiyaye, a sauya filta, ya..." Sai ya farga da abin da ya faɗa.

"Duk garin nan mutum ɗaya ne zai sato mai, sannan ya zubar da ruwan shan gidansa don tausayin inji," in ji Sufeto. "Kullum ana ganinka da jarkoki kana shiga kana fita, ba mai tambaya, aikinka ne. Ka shigo da ruwa, ka fita da mai, lokacin da Fermín ke layin shinkafa. Man kuma ka kai wa katafila a La Loma, ka ci gaba da haƙa. Muddin kai ke zubawa da gajeren tiyo, daga sama za ka ɗiba. Yau ka makara."

Don Casimiro ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na ga takalminta yau da asuba," ya ce. "Ƙafa ɗaya. Shi ya sa ban sauko da wuri ba. Na ce saura kaɗan, saura kaɗan." Ya share fuska da tsumman mai. "Na yi lissafi, Eladio. Na ce abin da na bari zai kai jirgi ya dawo. Kullum sai in ƙara jarka ɗaya."

"Nawa ya rage?"

"Bar mini yau kawai. Gobe kwana tara. Uwarta ba ta barci."

"Nawa ya rage, Casimiro?"

Ta bango suna jin na'urar iska tana huci a ɗakin marasa lafiya. Bakaniken ya saurara, kamar yau ya fara jin ta.

"Jarka biyu a ƙarƙashin katafila. Tankinta kuma ya kai rabi. Sukurun tsiyaya yana ƙasa ta hagu. Ka ce wa Wilkin ya tafi da sifana mai lamba sha bakwai, kar ya lalata kan."

Saje ya ari alfadarai biyu wajen mai gawayi, ya ɗauki mutum uku, suka kama hanyar tudu. Sufeto ya zauna a ƙofar ɗakin inji. Sau biyu Doña Nereida tana zuwa ta zura sanda a tankin janareto, ta koma ba ta kalli kowa ba. A karo na uku sandar ta fito da jiƙa bai fi faɗin yatsa ba.

Rana na dab da taɓa ruwa aka ji kofato. Saje ya shigo jan laka har gwiwa, jarkoki biyar a kan alfadarai.

"Yallaɓai, in aka sake aike na tudun nan, a haɗa da takardar murabus."

Don Casimiro da kansa ya tace man da ƙyalle ya zuba. Ya kara kunne a jikin injin, ya ɗan juya wani sukuru, sannan ya miƙo hannuwansa biyu. Sufeto ya sa masa ankwa. Ya zare makullin ɗakin daga aljihun bakaniken ya ba nas.

"Safe da yamma Saje zai kawo shi ya duba inji," ya ce mata. "Ba mu da wani."

Labari ya riga ya zagaya. Mutane sun taru a bakin katanga, ba mai jifa, ba mai zagi. Hanyar fita ta gaban ɗakin marasa lafiya take. Ta ƙofa ana hango Yocasta a kwance, roba a hancinta, ƙirjinta na hawa da sauka a hankali. Uwarta, Doña Brunilda, tana zaune a bakin ƙofar da carbinta. Tun safe ba ta tashi daga nan ba.

Don Casimiro ya tsaya. Saje ya taɓa kafaɗarsa, Sufeto ya girgiza kai, aka ƙyale shi.

Doña Brunilda ta ɗago ta dube shi, ta dubi ankwar.

"Tare suka yi makaranta da Idalia," ta ce. "A gidanka take cin abincin rana."

"Na sani."

"To me ka tsaya yi?"

Ya durƙusa a kan siminti, hannuwansa a haɗe.

"Brunilda, ina neman tawa a cikin ƙasa, na kusa sa taki a ciki. Na san abin da nake yi, ban daina ba. Ki yafe mini."