Akwatin da Ya Yi wa Kifi Kaɗan

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Ba ta da zance sai na kifi. In ta yi zane, kifi ne. In malama ta ce a rubuta labari, kifi ne. Har ƙawayenta suka gaji da ji.

Kuma ba kowane kifi take so ba. Kifayen teku take so, 'yan ƙanana masu launi, irin waɗanda ake ajiyewa a akwatin gilashi don kallo.

Da ta ci jarrabawa, Baba ya ce, "To, 'yar Baba, sa takalminki. Yau za mu je shagon kifi."

Ƙaninta, Auta, ya daka tsalle. "Ni ma zan je, Yaya!"

"Ka je, amma kallo kawai," in ji ta. "Kifayen nawa ne ni kaɗai."

Shagon akwai sanyi. Ko'ina ka juya sai ƙarar ruwa, bul-bul-bul. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau, kowa yana kiran ta Iya. Ta nuna musu wani dogon akwati, tsawonsa ya kai teburin cin abinci.

"Wannan shi ya dace da mai koyo," in ji Iya.

Amma idon yarinyar yana kan wani ɗan ƙarami. Bai fi jakar makarantarta girma ba, ga shuɗiyar fitila a samansa. Nan take ta yi tunani. Babban ba zai shiga ɗakinta ba. Sai dai a ajiye shi a falo, inda Auta zai wuni yana manna hancinsa a gilashi. Ƙaramin kuwa zai zauna daram a teburin karatunta, ta ja ƙofa ta rufe.

"Wancan nake so," ta ce.

Iya ta gyara tabarau. "'Yata, ƙaramin akwati ya fi babba wuyar kulawa. Kullum ruwa yana ƙafewa kaɗan-kaɗan, amma gishirin ba ya zuwa ko'ina. In ruwan yana da yawa, kifi ba zai ji komai ba. In kaɗan ne, nan da nan gishiri ya yi masa yawa."

"Ai na sani, Iya. Na san komai a kan kifi."

"Kin dai ji abin da aka ce," in ji Baba.

Kai, yarinyar nan akwai kafiya! Ta turo baki. Ta cika ido da hawaye. Baba kuwa ba ya jure kukanta. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Shi ke nan. Ke za ki kula da su, zaɓi naki ne."

Iya ta girgiza kai. Ta ce ba za ta ba da fiye da kifi biyu ba. Ɗaya shuɗi ne, ɗaya kuma ruwan lemo mai farin zane. Ta haɗa musu da jarkar ruwan gishiri.

"Ki saurara da kyau," ta ce. "Wannan jarkar ta canjin ruwa ce kawai. Sai kin kwashe tsohon ruwa za ki zuba na cikinta. Amma in ruwa ya ƙafe da kansa, da ruwa marar gishiri za ki cike."

Yarinyar ta ce, "To." Amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Tana can tana raɗa wa kifaye suna, Shuɗi da Mai Zane.

Da farko abin gwanin daɗi. Da ta dawo makaranta sai ta wuce ɗaki, ta rufe ƙofa. Shuɗi ya fi wayo. In ta ɗora yatsa a gilashi, sai ya biyo yatsan. Auta kuwa sai dai ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙo.

"Yaya, sau ɗaya kawai!"

"Tafi can, za ka ba su tsoro."

Bayan 'yan kwanaki ta ga ruwan ya ragu. Ta ce a ranta, "Kifin teku ai ruwan gishiri yake so." Ta ɗauko jarka ta cike. Da ya sake raguwa, ta sake cikewa. Haka ta dinga yi. Wani farin abu ya fara daskarewa a bakin gilashi, ta sa tsumma ta goge abinta.

Ana nan sai Shuɗi ya daina bin yatsanta. Ya maƙale a bayan dutse, bakinsa yana buɗewa yana rufewa da sauri. Ta zuba abinci, ko kallo bai yi ba.

Auta ya leƙo. "Yaya, kifin nan ba shi da lafiya. In kira Baba?"

Ta buɗe baki za ta ce a kira shi. Amma ta tuna yadda ta cika baki a shago. Yaya za ta ce ba ta san abin yi ba?

"Barci yake yi," ta ce. "Kuma in ka faɗa, ni da kai ne."

Washegari da ta dawo makaranta, ko jakarta ba ta sauke ba ta nufi teburi. Shuɗi yana kwance a kan yashi, a karkace. Ta ƙwanƙwasa gilashi. Bai motsa ba. Mai Zane kuma yana can sama, yana ta haki.

"Wayyo, Mama!"

Mama ta shigo da gudu, hannunta duk kumfar wanke-wanke. Ta duba, ta ce, "Shuɗi ya mutu, 'yata. Bar kukan tukuna, mu ceci ɗayan."

Baba ya sa Mai Zane a roba da ruwansa, suka garzaya shago. Iya ta ɗiga ruwan a kan ma'aunin gishiri, ta duba.

"Subhanallahi! Da me kike cike ruwan?"

"Da na jarka," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa.

"Ayya. Gishiri a kan gishiri ke nan. A babban akwati, da kuskuren nan ya daɗe bai yi ɓarna ba, har mu gane mu gyara. Ƙarami ba ya jiran mutum."

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗiga wa Mai Zane ruwa marar gishiri, a hankali a hankali. Ta ce a bar shi a wurinta har ya warke.

A hanyar gida yarinyar ta kasa ɗaga kai.

"Baba, ni na kashe shi," ta ce. "Ba don kyau na zaɓi ƙaramin ba. Don kada Auta ya gani ne. Kuma jiya ya ce a kira ka, na hana shi."

Baba ya dafa kafaɗarta. "Ni ma da laifina. Na ji gaskiya da kunnena, na biye wa hawayenki."

Ranar ko abinci ta kasa ci. Duk lokacin da ta kalli teburin, sai ta ce, "Da na sani." Amma faɗin haka bai dawo da Shuɗi ba. Ta nemi Auta, ta ce, "Ka yafe mini." Shi ma idonsa ya yi ja, don ashe yana son Shuɗi, ko da yake daga bakin ƙofa kawai ya san shi.

Da Mai Zane ya warke, suka mayar da ƙaramin akwatin, suka ɗauko babban. Wannan karon yarinyar ta tsaya ta saurari Iya har ƙarshe. Abin da ba ta gane ba, ta sake tambaya.

Aka ajiye akwatin a falo. Da aka saki Mai Zane, sai ya tsaya cak, kamar bai yarda ba. Can sai ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan, ya juyo, ya sake rugawa. Auta ya yi ta tafi. Yarinyar ta yi dariya, amma hawaye na gangarowa a kumatunta.

"Shuɗi bai taɓa samun wurin gudu irin wannan ba," ta ce.

Mama ta jawo ta jikinta. "To, me kika koya?"

Ta share ido. "In zan ɗauki abu mai rai, in fara duba abin da yake bukata, ba abin da raina yake so ba. Kuma in ban sani ba, in tambaya tun da wuri."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Mama. "Maza ku ba shi abinci, ke da ƙaninki. Ga shi can yana jiran ku."