Sabon Inji a Motar Marigayi

Da safiyar Asabar aka kira Insfekta Meshari zuwa wani garejin gyaran motoci a unguwar Khumra da ke Jidda. Tun daga ƙofa ya jiyo wata mata tana faɗa.

Areej ce, mai motar. Jar mota ƙirar 1957, gadon mahaifinta. Ta kawo ta ne a cire tsohon injin a saka na zamani, a sa mata giya mai sauya kanta da na'urar sanyi, don ta riƙa tuƙa ta a zafin Jidda. Ga sabon injin nan an farfasa shi da guduma, an yanyanke wayoyin, an huda bututun sanyi.

"Shi ne!" Ta nuna makanikin, Maman Lawali, mutumin Nijar. "Ya kasa aikin, shi ne ya fasa don kada asirinsa ya tonu. Halas, magana ta ƙare, a karɓe iƙamarsa ta zama a ƙasar nan, a mayar da shi ƙasarsu!"

Insfekta ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a ɓalle shi ba. Ya juya wurin Maman.

"Jiya ina kake?"

"Na kulle na tafi Juma'a, ranka ya daɗe."

Mai gadin sito na kusa ya ƙaryata shi. Ya ce tun ƙarfe goma Maman ya fita da akwatin kayan aiki, janyo ƙofar kawai ya yi.

Insfekta, wanda kakanninsa Hausawa ne, ya juya harshe daga Larabci zuwa Hausa. "Ƙarya kake mini? Ni za ka ɓata wa lokaci?"

Maman ya sunkuyar da kai. "Aikin gefe na je yi a unguwar Waziriyya. Idan kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ji, na shiga uku. Wallahi ban taɓa injin nan ba, wata uku ina wahala a kansa!"

"Ina tsohon injin da ka cire?"

Maman ya kai shi bayan gareji, sai ya tsaya turus. Injin da ya yar a bakin kwata yanzu yana kan katako, an goge shi tas, an shafa masa mai, an rufe shi da farin rawani.

Insfekta ya koma wurin Areej. "Wa ke kula da motar nan kafin babanki ya rasu?"

"Ammu Youssouf, direbansa, wanda muka ɗauka kamar baffa. Shekara talatin da huɗu yana gidanmu."

Bayan la'asar aka kawo Youssouf ofis, Areej da Maman na zaune a gefe. Tsoho ne ɗan Chadi, hannunsa na dama ɗaure da bandeji.

"Me ya sami hannunka?"

"Wuƙar yanka albasa."

"Ka taɓa zuwa garejin?"

"Ban ma san hanyarsa ba. Me zai kai ni wurin mutanen da ke yar da inji a kwata?"

Insfekta ya ajiye biro. "Wa ya ce maka a kwata yake?"

Insfekta ya fito da rawanin ya shimfiɗa a kan tebur. Akwai ɗigon jini a gefensa.

Youssouf ya buga teburin da hannun mai ciwo. "Na'am, ni ne! Gani kawai na je yi, na tarar da ƙofa a buɗe. Injin da nake tayarwa kowace safiya, da shi na kai marigayi Makka da Madina, ga shi ruwan datti na bi ta kansa! Ba wanda ya tambaye ni. Ko sau ɗaya!"

Areej ta miƙe, idanunta sun yi ja. "Mota tawa ce, Ammu! Kuma ka bar ni na zagi bawan Allah, na nemi a kore shi, kana zaune a gidanmu kana shan shayi?"

"Wannan kam na yi laifi," in ji Youssouf da ƙaramar murya, yana kallon Maman. "Ka yafe mini."

Maman ya kau da kai. "'Ya'yana huɗu a Zinder, baba. Ba yau ba."

Aka sa wa Youssouf ankwa aka fito da shi. Da suka isa motar 'yan sanda sai ya nufi ƙofar direba bisa sabo. Insfekta ya riƙe kafaɗarsa, ya buɗe masa ta baya.

"Yalla, baba. Nan za ka zauna."